Yadda Jami'a Za Ta Kai Noman Alkinta Ƙasa Gonakin Manoma

Noman alkinta ƙasa ya tsaya ne a kan abubuwa uku: a rage birkita ƙasa da garma, a bar mata rufin kara ko ganye, sannan a riƙa sauya abin da ake shukawa ko a haɗa hatsi da dangin wake. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce rufin ya kai aƙalla kashi 30 cikin ɗari na fuskar gona. Ilimin wannan ba baƙo ba ne a jami'o'inmu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana aiki tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a nan Zariya hukumar NAERLS mai kula da aikin malaman gona take. Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Duk da haka, idan aka fita ƙauye cikin bazara, gona a share take ƙal, hayaƙin sassabe na tashi.

Dalilin ba jahilci ba ne. Gonar jami'a tana da shinge da mai gadi, ba awakin da ke jiran kara, kuma idan gwaji ya lalace ba gidan da zai kwana da yunwa. Manomi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikin jami'a shi ne ta ɗauke masa kasadar gwaji, ta auna riba da asara a gonarsa, ta kuma daɗe a wurin har sakamako ya fito.

A zaɓi ƙauyuka kaɗan, a zauna shekara biyar

Ƙauye huɗu zuwa shida sun ishi tsangayar noma guda, kuma su kasance inda mota za ta je ta dawo a yini ɗaya ko da damina ta yi nisa. Ƙasa ba ta sauyawa a shekara guda. Galibi sai an yi damina uku zuwa biyar kafin a ga ruwa na nutsewa da sauri, ciyawa ta ragu, amfani ya daidaita. Shirin da kuɗinsa zai ƙare a shekara biyu zai tafi ne daidai lokacin da wahala ta fi yawa kuma riba ba ta fito ba, sai ya bar wa dabarar baƙin suna a ƙauyen.

Shiga ƙauye a bi ta hannun dagaci da sarkin noma, a kuma gayyaci ardo tun zaman farko. Wanda ya bar makiyaya a baya ya rasa rufin gonarsa kafin watan Janairu. A wannan zaman a tambayi kowane mai son shiga: gonar taka ce ta gado, ko aro ce, ko haya, ko jingina? Wanda za a iya karɓe masa gona baɗi ba zai yi wa ƙasa hidimar shekara biyar ba, kuma yana da gaskiya. A fara da masu gonar kansu. A nemi matan da ke da gayauna da gangan, domin ƙananan gonakinsu sun fi sauƙin rufewa da kulawa, kuma su ne suka fi sanin darajar harawa da itacen girki.

Kada a kai dabara ɗaya ko'ina. Yankin Zariya na samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, masara da waken soya suna bada kara da ganye mai yawa, babbar matsala ciyawa ce. Maraɗi kuwa abin da take samu bai wuce kimanin rabin haka ba, ƙasar jigawa ce, dama manomi ba ya yawan huɗa, da sungumi yake shuka. Gaya masa ya daina huɗa ɓata baki ne. Abin da ke damunsa shi ne iskar farkon damina da ke binne gero, da rashin taki, da fako da ruwa ba ya shiga.

Maganar kara

A nan yawancin shirye-shirye suke karyewa, don haka a nan ya kamata jami'a ta zuba mafi yawan hankalinta. Kara dukiya ce. Da shi ake ciyar da shanun huɗa da tumakin turka, da shi ake darni da rufin ɗaki, da shi ake hura wuta, ana kuma sayar da shi dami-dami idan rani ya tsananta. Malamin da ya ce a bar kara duka a gona ya nemi manomi ya zubar da kuɗi.

Sai a fara da lissafi. Kimanin tan 2 na kara a hekta shi ne abin da ake nema, kuma gwaje-gwajen tashar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna wannan adadin na karan gero yana rage ƙasar da iska ke kwashewa sosai. Tan 2 a hekta na nufin giram 200 a kowace murabba'in mita, wato kilo 20 a fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi. Ɗalibai su auna karan da gonar ke bayarwa, su auna abin da dabbobin gidan ke ci daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, su rubuta farashin dami a Disamba da kuma a Mayu. Daga nan za a san ko manomin zai iya barin rabi, ko sulusi, ko kuwa sai dai ya rufe wani yanki mafi lalacewa kawai.

Akwai hanyoyin rage wannan takara. Dabba ganye da saman kara take ci, gindin mai kauri tana barinsa. To a yanke dawa ko gero a tsayin gwiwa, a kwashe sama a kai gida, a bar gindin a tsaye yana tare iska. Ragowar da dabbobi suka tattake a turke a mayar da shi gona tare da kashinsu. Abu na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi, a ƙara harawa. Tsarin layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, wanda masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka gwada a Kano, yana bada harawa mai yawa, kuma harawar wake ta fi kara gina jikin dabba nesa ba kusa ba. Gidan da ya tara harawa ya fi iya haƙura da kara. A wannan fanni a jawo masana dabbobi, irin na cibiyar NAPRI da ke Shika, su zauna teburi ɗaya da masana ƙasa. Abin takaici ne a ga sashen kimiyyar ƙasa na cewa a bar kara a gona, sashen dabbobi na koya wa manomin nan yadda zai kwashe shi duka ya daddatsa.

Sauran kuma sulhu ne, ba kimiyya ba. A yi yarjejeniya a gaban dagaci da ardo: waɗanne gonaki ne aka yi wa alama, yaushe za a saki dabbobi, kwana nawa garke zai kwana a gona ya bar taki. Tsohuwar al'adar kwanan shanu a gona bayan girbi ba abokiyar gābar wannan noma ba ce, in dai an ƙayyade ta yadda ba za a cinye rufin ƙarƙaf ba.

Gara za ta ci karan, kuma manomi zai nuna damuwa. A yi masa bayani da abin da zai gani da idonsa: a tona ƙarƙashin rufin a nuna masa ramukan da ta huda, waɗanda ruwa ke bi ya shiga. A fako ma da gangan ake jawo ta. Tsutsar kara kuwa damuwa ce ta gaskiya, domin tana kwana cikin karan dawa da na gero har damina ta zagayo. Karan da aka shimfiɗa a ƙasa rana na dukansa yana kashe da yawa daga cikinta, saɓanin wanda aka jingine a inuwa. A sa ɗalibin nazarin ƙwari ya riƙa tsaga kara hamsin daga kowace gona a watan Afrilu yana ƙirgawa.

Yadda ake tsara gwajin

Tsarin da ya fi dacewa shi ne na gonar uwa da 'ya'yanta, wanda aka fara amfani da shi a Malawi. Gonar uwa ɗaya ce a ƙauye, a bakin hanyar kasuwa ko ta masallacin Juma'a, malamai da ɗalibai ke kula da ita. A yanka ta fili-fili, mita 10 sau 10, a gwada hanya huɗu: yadda aka saba; rashin huɗa ba rufi; rashin huɗa da rufi; rashin huɗa da rufi da wake ko waken soya a juye. Kowace hanya a maimaita ta sau uku. Filin hanya ta biyu yana da muhimmanci ko da yake shi ne zai fi muni, domin shi ke nuna wa kowa cewa daina huɗa ba tare da rufi ba yana sa ƙasa ta daskare, ruwa ya gudu, amfani ya faɗi. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗauki rabin dabarar su ce ba ta aiki.

'Ya'yan kuwa gonakin manoma ne, ashirin zuwa talatin. Kowa ya ware ɗan yanki, kamar mita 20 sau 20, ya raba biyu: rabi yadda ya saba, rabi sabuwar hanya guda da ya zaɓa da kansa. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, taki daidai wa daida. Idan aka zuba wa ɓangaren gwaji ingantaccen iri da buhun taki aka bar ɗayan haka, abin da aka gwada taki ne, kuma manoma sun fi kowa ganewa.

Kada a raba kaya kyauta. A ƙasashen kudancin Afirka an ga yadda manoma da yawa suka karɓi wannan noma lokacin da ake raba iri da taki, suka koma garma da shiri ya ƙare. Abin da jami'a za ta yi alkawari a rubuce shi ne: idan ɓangaren gwaji ya gaza ɗayan, za ta cika gibin da hatsi. A kan murabba'in mita 200 wannan 'yan tiyoyi ne, ba zai karya kasafin kowa ba, amma yana cire tsoro.

Awo kuma a yi shi a gaban mai gona. Don rufi, a ɗauki igiya mai ƙulli 100, a miƙe ta a karkace kan gona, a ƙirga ƙullin da ya faɗa kan kara; adadin shi ne kason rufi. Don shigar ruwa, a fasa gindin gwangwani babba, a kafa shi cikin ƙasa, a zuba ruwa kofi ɗaya a duba agogo, a yi haka a ɓangarorin biyu. Don amfani, a girbe mita 5 sau 5 daga tsakiya, a busar, a auna, a ninka sau 400 a sami na hekta. Sannan abin da aka fi mantawa: kwanakin aiki da kuɗin ƙwadago. Nawa aka biya mai shanu, mutum nawa suka yi noman fari, nawa suka yi maimai, wa ya yi aikin, maza ko mata ko yara. A shekarun farko ribar da ta fi fitowa fili ita ce shuka da wuri ba jiran layin garma, da ragin kuɗin huɗa. Idan ba a rubuta su ba, rahoto zai nuna amfani bai ƙaru ba, a ce an faɗi, alhali aljihun manomi ya huta.

Abubuwan da ke lalacewa a daminar farko

Ciyawa ce ta ɗaya. Huɗa dama noma ce, idan aka cire ta sai ƙiri-ƙiri da tofa da aya-aya su taso. A gonar da suka yi katutu kada a fara gwaji. Inda za a yi feshi kafin shuka da maganin glyphosate, a jira ciyawa ta tsiro tana kore shar, a yi amfani da ruwa mai tsabta domin ruwan laka yana kashe ƙarfin maganin, kuma a duba sama, ana son sa'o'i kamar shida ba ruwa. A koya wa masu feshi auna famfo: a cika shi da ruwa zalla, a fesa fili mita 10 sau 10 da tafiyar da aka saba, a ga abin da ya ragu. Idan lita 2 ta tafi, hekta za ta ci lita 200, wato cikin famfo mai lita 16 sau goma sha biyu da rabi. Idan takardar maganin ta ce lita 4 a hekta, kowane ciki zai sha mililita 320. A guji maganin ciyawa na paraquat, gubarsa ba ta da makari. Takalmin roba, safar hannu da abin rufe hanci su zama sharaɗin shiga horo.

Na biyu, rawayar ganye. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kara suna riƙe sinadarin naitirojin na ɗan lokaci, sai masara ta yi rawaya a makonnin farko. Maganinsa a sa kashin farko na taki da wuri, a binne shi gefen shuka, kada a watsa a kan rufi. A yankin gero, ɗan takin ramin shuka da ICRISAT ta yaɗa ya wadatar: giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami, kusan cikin murfin kwalbar lemo, wanda ya kama kilo 60 a hekta mai rami 10,000. Kada ya taɓa irin, musamman idan ƙasa ba ta jiƙe sosai ba.

Na uku, kwanciyar ruwa a ƙasa mai laka ko gona mai kwari. A irin wannan wuri kada a rushe kunya. A bar tsohuwar kunya ta zama ta dindindin, a riƙa gyara ta sama-sama, a shimfiɗa kara a cikin kwarin. Inda garma ta daɗe tana bi har ƙasa ta yi kanta a ƙarƙashi, a tsaga layin shuka kawai da haƙorin ƙarfe guda da shanu za su ja.

Ga ƙuduji, wato wuta-wuta, sauya abin da ake shukawa ne makami. Wasu irin waken soya, kamar TGx 1448-2E, suna sa ƙwayarsa ta tsiro ta mutu don ba ta sami saiwar da za ta kama ba, kuma akwai wake irin SAMPEA 10 da ke jure nau'in da ke kama wake.

Inda kara ba zai isa ba

A arewacin Katsina, Jigawa, Sakkwato da kudancin Nijar, itace ne zai cike gibin rufi. Sassaben zamani, wanda ya fara bazuwa daga yankin Maraɗi a shekarun 1980, ya farfaɗo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ba. Lokacin sassabe, maimakon a sare tohon kututture a ƙone, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a cire sauran da kaifin gatari ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a kuma rage rassan gefe har rabin tsayi. Sabara da kalgo suna bada ganyen rufi da itacen girki, gawo kuma yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa. A fako a haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa, da rani: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu. Aikin yana da nauyi ƙwarai, ya fi kyau a yi shi da gayya.

Abin da jami'o'in Najeriya za su yi a nan mai sauƙi ne kuma mai arha: su ɗauki manoma a mota su kai su wajen takwarorinsu na Maraɗi ko Zinder, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Gani ya kori ji. A kuma lura da abin da ya sa abin ya kama a can, wato manomi ya tabbata itacen da ya kula da shi nasa ne. Sashen shari'a da na nazarin zamantakewa su binciki dokokin gandun daji na jihohinsu, su kai wa majalisa gyaran da zai ba manomi wannan tabbaci.

Gyaran cikin gida

Ɗaliban digirin noma a Najeriya suna da shekara guda ta aikin gona a aikace. Maimakon su ƙare ta duka cikin shingen jami'a, a tura su biyu-biyu, kowane biyu da manoma biyar, daga Mayu zuwa Nuwamba. Kalandar karatu ba ta bin damina, ga hutu ga yajin aiki, don haka kowane ƙauye ya kasance da malamin gona na hukumar jiha, irin su KNARDA a Kano, da wani manomi jagora, waɗanda aikin ba zai tsaya ba ko jami'a na rufe. Tsarin da gidauniyar Sasakawa ta kawo a jami'o'in Zariya da Kano, inda malaman gona ke dawowa karatu su yi aikin kammalawa a ƙauyukan da suke aiki, ya dace da wannan sosai. Littafin awo ya zama na tsangaya, kowane rukunin ɗalibai ya miƙa wa na bayansa, filayen kuma a kafa musu turakun siminti don kada a ɓata iyaka.

Kuɗin aiki su fito kafin ƙarshen Maris. Gwajin da aka shuka makonni uku bayan gonakin maƙwabta ya riga ya faɗi. Hukumar jami'a kuma ta sa aikin ƙauye cikin ma'aunin ƙarin girma, domin muddin maƙala a mujallar waje ce kaɗai ke ɗaga malami, ba wanda zai yi damina biyar yana zirga-zirga a hanyar laka.

Kayan aiki ma sai an same su a kasuwa. Buhun PICS na adana wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007, ya kama ne saboda an haɗa nuni a ƙauyuka da masana'anta da dillalai. Haka za a yi a nan: sashen injiniyan noma ya zauna da maƙeran garin su ƙera haƙorin tsaga ƙasa da ke hawa kan garmar shanu da ake da ita, da abin shuka na hannu da ke huda rufi, a gwada, a gyara, maƙeri ya sayar da kansa. Masu shanun huɗa su shiga horon tun farko, a nuna musu cewa tsaga layi ma aikin kuɗi ne kuma ya fi sauri, in ba haka ba za su zama masu kushe dabarar a kowace majalisa. Masu shagon maganin feshi su ma a horar da su, domin su manomi ke tambaya kafin ya ga malamin gona.

Ranar nuni a yi ta sau uku a shekara: bayan tsiro, lokacin da aka sami tsaikon ruwa idan ya zo, domin a nan bambancin danshi ke fitowa, da kuma ranar awo. Mai gona ne zai yi bayani, farfesa ya tsaya cikin masu sauraro. A naɗi muryarsa a sa a rediyon jami'a da tashoshin jiha da Hausa, a tura ta WhatsApp, har da na wanda gwajinsa bai yi kyau ba da dalilin da ya bayar.

Wajen ƙirga nasara, kada a ƙirga waɗanda suka halarci taro. A ƙirga wanda ya faɗaɗa sabuwar hanyar daga yankin gwaji zuwa sauran gonarsa da kuɗinsa, da maƙwabcin da ya kwaikwaya ba a sa shi ba, da wanda ya bari. A koma shekara biyu bayan an janye a sake ƙirgawa, a zauna da waɗanda suka bari ɗaya bayan ɗaya a rubuta dalilansu, ko kara ne, ko ciyawa, ko an karɓe gonar, sannan a ba ɗaliban digiri na biyu waɗannan dalilai su zama batun bincikensu na damina mai zuwa.